Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Jihar Katsina: Alƙaluma, dalilai da abin da ya biyo baya

A ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, al'ummar Jihar Katsina suka fita zaɓen shugaban ƙasa tare da sauran 'yan Najeriya. Sakamakon da Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ta bayyana ya nuna cewa Atiku Abubakar na jam'iyyar PDP ne ya lashe jihar da ƙuri'u 489,045, yayin da Bola Ahmed Tinubu na APC ya samu 482,283. Tazarar da ke tsakaninsu ƙuri'u 6,762 ce kacal, a zaɓen da aka kaɗa ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya.

Sakamakon ya ja hankalin ƙasa baki ɗaya saboda Katsina ce mahaifar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Muhammadu Buhari, kuma APC ce ke riƙe da kujerar gwamna. A zaɓukan 2011 da 2015 da 2019, jihar ta ba Buhari ƙuri'u sama da miliyan ɗaya a kowane karo. Da sunansa ya fita daga takardar zaɓe, jam'iyyarsa ta rasa kusan ƙuri'u 750,000 a jihar. Makonni uku bayan haka kuma, APC ɗin ta lashe zaɓen gwamna da gagarumin rinjaye.

Jihar da masu zaɓenta

Gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ce ta ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumban 1987. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna tana da mutane kimanin miliyan 5.8. Tana da kujeru 15 a Majalisar Wakilai da kujeru uku a Majalisar Dattawa.

An raba jihar shiyya uku. Shiyyar Katsina ta Tsakiya tana da ƙananan hukumomi 11, ciki har da babban birnin jihar da Jibiya da Batsari da Dutsinma. Shiyyar Kudu, wadda aka fi sani da shiyyar Funtuwa, ita ma tana da 11, ciki har da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari da Bakori. Shiyyar Arewa, wato shiyyar Daura, tana da 12: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, Mashi, Dutsi, Mani, Bindawa, Ingawa, Kankiya da Kusada.

A zaɓen 2023 INEC ta yi wa mutum 3,516,719 rajista a jihar. Wannan ya sa Katsina ta zama ta biyar a yawan masu rajista a ƙasar, bayan Legas da Kano da Kaduna da Ribas. Rumfunan zaɓe kuma sun kai 6,652 bayan ƙarin da hukumar ta yi a faɗin ƙasar a 2021. Duk ɗan takarar shugaban ƙasa da ke lissafin ƙuri'un Arewa maso Yamma, bayan Kano da Kaduna, Katsina yake dubawa.

Masarautar Daura da Baure

Masarautu biyu ne a jihar, Katsina da Daura. Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kuma Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ne ke sarautarta tun 2007. Baure tana da tsohon matsayi a tarihin masarautar. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, lokacin da Fulani suka karɓi birnin Daura, gidan sarautar Haɓe ya rabu, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure. Sai a farkon ƙarni na 20, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka mayar da sarautar birnin ga gidan Haɓe ta hannun Malam Musa daga Zango.

A yau Baure ƙaramar hukuma ce a kusurwar arewa maso gabashin jihar. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Magarya a yankin Damagaram, ta kuma yi iyaka da Jihar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kusan 200,000. Daga cikin garuruwanta akwai Babban Mutum, wanda ke bakin iyaka, da Garki da 'Yanduna da Hui. Baure da Zango suna da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, kamar yadda Daura da Sandamu da Mai'aduwa suke da ɗaya.

Noman gero da dawa da wake da riɗi, da kiwo, da fataucin kan iyaka su ne ginshiƙin rayuwar yankin. Saboda haka duk wata doka da Abuja ta kafa kan iyakoki, ko man fetur, ko takardun kuɗi, tana isa kasuwannin Baure da Mai'aduwa tun kafin ta isa wasu manyan birane. Wannan ya yi tasiri a yanayin da aka shiga zaɓen 2023.

Yadda Katsinawa suka saba zaɓe

Raba ƙuri'a tsakanin jam'iyyu tsohuwar ɗabi'a ce a siyasar wannan yanki. A 1979, lokacin yana cikin Jihar Kaduna, Alhaji Shehu Shagari na NPN ne ya zo na ɗaya a jihar a zaɓen shugaban ƙasa, amma Alhaji Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamna.

Bayan samun jiha, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP a zaɓen gwamna na Disamban 1991. A 1999 jihar ta bi PDP sama da ƙasa: Olusegun Obasanjo ya samu rinjaye mai yawa, Umaru 'Yar'aduwa kuma ya zama gwamna.

Shigowar Buhari siyasa ta sauya lissafi. A ranar 19 ga Afrilun 2003 aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni tare. Katsinawa suka ba Buhari na ANPP ƙuri'u sama da miliyan ɗaya, suka kuma sake zaɓen 'Yar'aduwa na PDP a matsayin gwamna a wannan rana. A 2007 'yan Katsina biyu ne suka kara a matakin ƙasa, 'Yar'aduwa da Buhari, Atiku Abubakar kuma ya zo na uku. An ayyana 'Yar'aduwa a matsayin wanda ya yi nasara, shi da kansa kuma ya amince cewa zaɓen yana da kurakurai, ya kafa kwamitin gyaran dokokin zaɓe a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais.

A 2011 Buhari, a ƙarƙashin CPC, ya samu ƙuri'u 1,163,919 a jihar, Goodluck Jonathan ya samu 428,392, amma Barista Ibrahim Shehu Shema na PDP ya riƙe kujerar gwamna. Sai a 2015 ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta gwamna suka sake haɗuwa a jam'iyya ɗaya: Buhari na APC ya samu 1,345,441, Jonathan 98,937, Aminu Bello Masari kuma ya zama gwamna. A 2019 Buhari ya samu 1,232,133, Atiku ya samu 308,056.

Wannan tarihi ya nuna cewa ƙuri'un da aka riƙa kira na Buhari sun bi shi daga ANPP zuwa CPC zuwa APC. Tambayar da aka shiga 2023 da ita ita ce ko za su tsaya a jam'iyyar bayan wa'adinsa ya ƙare.

'Yan takara da rigingimun cikin gida

'Yan takara 18 ne suka tsaya, amma huɗu ne suka yi fice: Tinubu da mataimakinsa Kashim Shettima a APC, Atiku da Ifeanyi Okowa a PDP, Peter Obi da Yusuf Datti Baba-Ahmed a LP, sai Rabi'u Musa Kwankwaso da Isaac Idahosa a NNPP.

Katsina ta taka rawa a fitowar Tinubu. Gwamna Masari yana cikin gwamnonin APC na Arewa da suka sa hannu a sanarwar farkon watan Yunin 2022, wadda ta nemi mulki ya koma Kudu. Bayan zaɓen fitar da gwani, wani ɗan siyasar jihar, Ibrahim Kabir Masari, shi aka miƙa wa INEC sunansa a matsayin mataimaki na wucin gadi, kafin a sanar da Shettima a watan Yuli.

Atiku ma yana da tsohuwar alaƙa da jihar. A gidan siyasar marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya tashi tun ƙarshen shekarun 1980, kuma tsofaffin mabiyan wannan gida suna da yawa a Katsina. Ga masu zaɓe da dama, shi ne ɗan Arewa da ke da jam'iyya mai rassa a kowace mazaɓa.

Zaɓukan fitar da gwani na 2022 sun bar APC da rauni a jihar. Dakta Dikko Umar Raɗɗa, tsohon shugaban hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, ya samu tikitin gwamna da ƙaramar tazara. Dakta Mustapha Inuwa, wanda ya yi Sakataren Gwamnatin Jiha a zamanin Masari kuma ya zo na biyu, ya koma PDP, inda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Atiku da na ɗan takarar gwamna, Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke. A shiyyar Daura kanta, Sanata Ahmad Babba Kaita, wanda ke wakiltar mazaɓar shugaban ƙasa a Majalisar Dattawa, ya bar APC zuwa PDP a 2022. Fatuhu Muhammad, ɗan uwan Buhari da ke wakiltar Daura da Sandamu da Mai'aduwa a Majalisar Wakilai, ya rasa tikiti, daga baya ya fice daga jam'iyyar.

PDP ma ba ta tsira ba. An daɗe ana takun saƙa tsakanin ɓangaren tsohon Gwamna Shema da na Lado Ɗanmarke kan iko da jam'iyyar. Saɓanin bai hana ɓangarorin biyu samun abin da ya haɗa su a zaɓen shugaban ƙasa ba, amma ya fito fili a zaɓen gwamna.

Matsalar tsaro

Ƙananan hukumomin da suka yi iyaka da dajin Rugu da dazukan Zamfara da Kaduna, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Dandume, sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. A ranar 11 ga Disamban 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da Shugaba Buhari ke ziyara a Daura. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 domin taimaka wa jami'an tsaro, matakin da ya shafi ciniki da zumunci na tsawon watanni. A Yulin 2022 aka kai wa ayarin jami'an fadar shugaban ƙasa hari kusa da Dutsinma a kan hanyarsu ta zuwa Daura. A farkon Fabrairun 2023, makonni uku kafin zaɓe, 'yan sanda suka tabbatar da kashe 'yan sa-kai 41 na yankin Bakori da suka bi sawun ɓarayin shanu cikin daji.

Masarautar Daura ba ta cikin wuraren da matsalar ta fi ƙamari, sai dai tsadar hatsi da ƙaurar manoma daga gonakinsu sun shafi jihar gaba ɗaya. Alƙawarin samar da tsaro yana cikin manyan abubuwan da APC ta hau mulki da su a 2015, don haka 'yan adawa suka mayar da shi babban makamin yaƙin neman zaɓe.

Rufe iyakoki da canjin kuɗi

A Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasar na tudu domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamban shekarar Hukumar Kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. An buɗe iyakar Maigatari a Jigawa da ta Illela a Sakkwato a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Manoman shinkafa sun ci moriyar matakin, yayin da fatake da direbobi da 'yan dako a garuruwa irin su Jibiya da Kongolam da Babban Mutum suka ga cinikinsu ya ja baya, farashin mai kuma ya haura na sauran wurare.

Abin da ya fi kusa da ranar zaɓe shi ne sauya fasalin Naira. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. An sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a sun kai tsofaffin kuɗinsu banki, sababbin kuma ba su wadata ba. A jihar da ƙananan hukumomi da dama ba su da reshen banki ko ɗaya, kuma cinikin hatsi da dabbobi ya dogara da kuɗi hannu, abin ya zama babban tashin hankali. Masu POS suka tsawwala kuɗin cira, manomi ya karyar da farashin amfaninsa ga mai tsabar kuɗi, a wasu kasuwannin kan iyaka kuma aka koma ciniki da sefa.

Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, Katsina kuma ta shiga cikin masu ƙara. A ranar 16 ga Fabrairu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, inda ya amince a ci gaba da karɓar tsohuwar Naira 200 kaɗai. A haka aka je rumfunan zaɓe, ga ƙarancin kuɗi ga dogayen layukan mai. Sai a ranar 3 ga Maris, kwana shida bayan zaɓen, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da tsofaffin takardun har ƙarshen shekara.

A nasu ɓangaren, magoya bayan APC sun riƙa nuna ayyukan da gwamnatin Buhari ta kawo yankin, irin su Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda aka aza harsashinsa a 2021, kuma aka tsara zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Buhari da kansa ya halarci gangamin Tinubu a birnin Katsina a watan Fabrairu, ya ɗaga hannunsa a gaban jama'a.

Ranar zaɓe da tattara sakamako

An gudanar da zaɓen a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022. A karon farko a babban zaɓe, an yi amfani da na'urar BVAS, wadda ke tantance mai zaɓe ta zanen yatsa ko hoton fuska, aka kuma soke takardar uzuri da a da ake cikewa idan na'ura ta gaza tantance mutum. Bisa tsari, ana ƙirga ƙuri'u a rumfa a gaban wakilan jam'iyyu, a rubuta sakamako a takarda, a ɗauki hotonta a tura rumbun intanet na hukumar mai suna IReV, sannan a kai takardar cibiyar mazaɓa, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Abuja. Tura sakamakon shugaban ƙasa zuwa IReV ya gamu da jinkiri a faɗin ƙasar, lamarin da ya zama babban ƙorafin 'yan adawa.

Buhari ya kaɗa ƙuri'arsa a mazaɓar Sarkin Yara da ke Daura, ya kuma ɗaga takardarsa ya nuna cewa APC ya zaɓa. Magoya bayansa sun ɗauki hakan amsa ce ga masu zargin ba ya goyon bayan Tinubu, masu suka kuma suka ce ya saɓa wa ƙa'idar sirrin ƙuri'a. Tinubu ne ya lashe rumfar shugaban.

Sakamakon jihar na manyan 'yan takara huɗu shi ne:

Atiku Abubakar, PDP: 489,045
Bola Ahmed Tinubu, APC: 482,283
Rabi'u Musa Kwankwaso, NNPP: 69,386
Peter Obi, LP: 6,376

Atiku ya samu kimanin kashi 46 cikin 100 na sahihan ƙuri'u, Tinubu kuma kashi 45 da rabi. Tinubu ne ya fi yawan ƙananan hukumomi, amma tazarar da Atiku ya samu a birnin Katsina, inda ma'aikata da 'yan kasuwa suka fi yawa, ta rinjayi ƙananan nasarorin APC a karkara. Idan aka raba tazarar 6,762 a kan rumfuna 6,652, za a ga kusan ƙuri'a ɗaya ce a kowace rumfa ta raba gardama. Ƙuri'un Kwankwaso sun ninka tazarar fiye da sau goma, ƙuri'un da suka lalace kuma, waɗanda suka haura 30,000, sun ninka ta fiye da sau huɗu.

Ina ƙuri'un Buhari suka tafi?

Daga 2019 zuwa 2023 ƙuri'un APC a jihar sun ragu da 749,850. A tsakanin wannan lokaci ƙuri'un PDP sun ƙaru da 180,989, NNPP kuma ta samu 69,386. Ko da a ce duk ƙarin da jam'iyyun biyu suka samu daga APC ya fito, jimillarsa 250,375 ce, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da APC ta rasa. Ragowar kusan rabin miliyan ba su bayyana a akwatin kowa ba.

Alƙaluman fitowar jama'a sun tabbatar da haka. A 2019 kimanin rabin masu rajista ne suka yi zaɓe a jihar. A 2023, duk da ƙaruwar masu rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Masu sharhi sun kawo dalilai iri biyu. Na farko, cewa mutane da dama da ke fitowa saboda Buhari sun zauna a gida, wasu don babu ɗan takarar da ya kwanta musu a rai, wasu don fushi da halin rayuwa, wasu don rashin kuɗin mota zuwa inda suka yi rajista, wasu kuma rashin tsaro ya raba su da garuruwansu. Na biyu, cewa na'urar BVAS ta rage damar ƙara alƙaluma da ake zargin ana yi a zaɓukan baya. Dalilan biyu ba sa kore juna, kuma raguwar ba ta tsaya a Katsina ba, domin a ƙasa baki ɗaya kimanin kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne suka yi zaɓe, adadi mafi ƙanƙanta tun 1999.

Zaɓen majalisa da na gwamna

A ranar da APC ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a jihar, ta lashe dukkan kujerun Majalisar Dattawa uku. Nasir Sani Zangon Daura, wanda ya daɗe yana wakiltar Zango da Baure a Majalisar Wakilai, ya kayar da Sanata Babba Kaita a shiyyar Daura. Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa ya ci Katsina ta Tsakiya, Muntari Ɗandutse kuma ya ci shiyyar Funtuwa. APC ce ta samu mafi yawan kujerun Majalisar Wakilai, PDP ta samu wasu, ciki har da ta birnin Katsina. Wannan ya nuna akwai masu zaɓe da dama da suka dangwala wa Atiku a takarda ɗaya, suka dangwala wa APC a wata.

An ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris domin sake saita na'urorin BVAS. A wannan zaɓe Dikko Raɗɗa ya samu ƙuri'u 859,892, Lado Ɗanmarke ya samu 486,620. Idan aka kwatanta da na 25 ga Fabrairu, ƙuri'un PDP sun ragu da 2,425 kawai, na APC kuma sun ƙaru da 377,609. Ke nan PDP ta fito da kusan duk mutanenta a zaɓukan biyu, APC kuwa sai a karo na biyu ta iya fito da nata. A tsakanin zaɓukan an samu hukuncin Kotun Ƙoli kan tsofaffin kuɗi, an riga an ayyana Tinubu a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, rikicin PDP na jiha kuma ya ƙara tsananta. Uwar jam'iyyar ta dakatar da Shema a ƙarshen Maris, daga baya ya shiga APC.

Matsayin Katsina a sakamakon ƙasa

A ranar 1 ga Maris Shugaban INEC, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ayyana Tinubu a matsayin wanda ya lashe zaɓe da ƙuri'u 8,794,726. Atiku ya samu 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687.

A tsarin Najeriya, lashe jiha ba ya nufin kwashe ƙuri'unta gaba ɗaya, saɓanin yadda ake yi a mafi yawan jihohin Amurka. Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa yawan ƙuri'u, ya kuma samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Ta wannan fuska Tinubu bai yi asara mai yawa a Katsina ba. Jihohi uku da suka fi ba shi ƙuri'u su ne Legas da 572,606, Kano da 517,341, sai Katsina da 482,283, kuma dukkansu na biyu ya zo. Ga Atiku kuwa, Katsina ce ta biyu a yawan ƙuri'un da ya samu, bayan Kaduna da ta ba shi 554,360.

A Arewa maso Yamma, Atiku ya lashe Kaduna da Katsina da Kebbi da Sakkwato, Tinubu ya lashe Jigawa da Zamfara, Kwankwaso ya lashe Kano. Amma saboda Tinubu ya zo na ɗaya ko na biyu a dukkan jihohin bakwai, shi ne ya fi kowa yawan ƙuri'u a shiyyar.

Bayan zaɓe

Atiku da Obi sun ƙalubalanci sakamakon ƙasa a kotu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa ta kori ƙararrakinsu a ranar 6 ga Satumban 2023, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a ranar 26 ga Oktoba. Sakamakon Katsina ya tsaya yadda INEC ta bayyana shi. A majalisar ministocin da Tinubu ya kafa a Agustan 2023, jihar ta samu kujeru biyu, Ahmed Musa Ɗangiwa a ma'aikatar gidaje da Hannatu Musawa a ma'aikatar al'adu.

Garuruwan kan iyaka sun sake shiga wani hali bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta da ƙasar bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, har zuwa Maris ɗin 2024. Cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira su ma sun sauya lissafin fatake da masu albashi.

Buhari ya koma Daura bayan miƙa mulki a ranar 29 ga Mayun 2023. Ya rasu a Landan a ranar 13 ga Yulin 2025, aka yi jana'izarsa a Daura a ranar 15 ga wata. Zaɓen 2027 ne zai zama na farko tun 2003 da Katsinawa za su yi ba tare da shi a takardar zaɓe ko a dandalin kamfe ba. A rajistar 2023 akwai mutum fiye da miliyan 2.4 a jihar da ba su kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba, adadin da ya ninka ƙuri'un Atiku da na Tinubu a haɗe fiye da sau biyu.